Kwamfutar gidanmu ta haɗu da Wi-Fi amma ta ƙi buɗe shafi ko ɗaya

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku kawo min ɗauki, abin ya ishe ni. Yau kwana uku ke nan kwamfutar gidanmu ta ƙi buɗe shafi ko ɗaya. Windows 10 ce a kanta. Idan na duba alamar Wi-Fi a ƙasan allo sai in ga ta haɗu lafiya lau, sandunan ma a cike suke, amma da zarar na buɗe Chrome sai ya rubuto min "No internet" da manyan baƙaƙe. Na gwada Edge, shi ma haka. Abin da ya fi ɗaure min kai, wayata da ta maigida duk a kan Wi-Fi ɗin nan suke, kuma suna tafiya sumul, har bidiyo muke kallo. Na kashe rauta na kunna ya fi sau biyar. Ina da aikin makaranta da zan tura kafin ƙarshen mako, kuma duk fayilolin a cikinta suke.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki wahalar da kanki. Ki kwashe fayilolinki a filasha, a yi mata fomatin, wato a goge komai da ke cikinta, a sa sabuwar Windows. Cikin awa biyu kin huta. Irin wannan matsalar in ka ce sai ka bi diddiginta, kwana za ka yi kana lalube.

Ɗan Baba:
A'a Oga, fomatin tun yanzu? DNS ne kawai. Anti ki shiga saitin Wi-Fi ki canza DNS ya koma 8.8.8.8 da 8.8.4.4, na Google ke nan. Ni duk wanda ya kawo min irin wannan kuka abin da nake yi masa ke nan.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da fama. Ina roƙonki kada ki canza komai tukuna, da fomatin ɗin da DNS ɗin duk ki dakata. Kin riga kin ba mu bayani mai tsada ba tare da kin sani ba: tunda wayoyi suna aiki a kan rauta ɗaya, to kamfanin da ke ba ku intanet ba shi da laifi, rautar ma da wuya ta zama ita ce. Ciwon yana jikin kwamfutar.

Kalmar nan "ta haɗu" ita ke ruɗar mutane. Sandunan da kike gani a cike ƙarfin siginar da ke tsakanin kwamfutarki da rautar da ke ɗakinki kawai suke nunawa. Kafin shafi ya bayyana a allo akwai zango-zango da za a bi. Sai rauta ta ba kwamfuta adireshi. Sai kwamfuta ta iya fita ta ƙofar rauta zuwa waje. Sai a fassara sunan shafin zuwa lamba, wannan shi ne aikin DNS. Daga nan ne burauza za ta je ta ɗauko shi. Ko wanne daga cikinsu ya toshe, abu ɗaya za ki gani a allo. Don haka mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga inda hanyar ta yanke.

Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta cmd ki danna Enter. Baƙin allo zai fito, kada ya tsorata ki. Ki rubuta ipconfig ki danna Enter. Ki nemo sashen Wi-Fi, ki faɗa mana lambobin da ke gaban IPv4 Address da kuma Default Gateway.

Maman Ilham:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na yi. Na farkon ya nuna 192.168.1.7, na biyun kuma 192.168.1.1. Ba matsala in na rubuta su a nan ko?

Injiniya:
Babu matsala, waɗannan lambobin cikin gida ne. Duk adireshin da ya fara da 192.168 an keɓe shi ne don amfanin cikin gida ko ofis, ba wanda zai iya iso ki da shi daga waje, kuma gidaje da yawa a duniya lambobin da suke amfani da su ke nan. Zangon farko lafiya. Da a ce kin ga lambar ta fara da 169.254, to da mun san rauta ba ta ba ta adireshi ba, Windows ce ta ƙirƙira wa kanta ɗaya don kada ta zauna haka nan, kuma da irin wannan lamba ba a zuwa ko'ina.

Yanzu ki rubuta waɗannan ukun, ki jira kowanne ya gama kafin ki shiga na gaba:
ping 192.168.1.1
ping 8.8.8.8
ping google.com
Shi ping sallama ce kawai. Kwamfutarki za ta yi sallama sau huɗu, mu ga ko za a amsa. Na farko rautarki muke yi wa sallama, na biyu wata na'ura ta Google can waje da lambarta kai tsaye, na uku kuma da suna maimakon lamba.

Ɗan Baba:
Za ku gani, na ukun ne zai ƙi.

Maman Ilham:
Duka ukun sun amsa. Kowanne ya rubuta "Reply from" sau huɗu, a ƙasa kuma ya ce 0% loss. Na ukun ma har ya nuna wasu lambobi a kusa da sunan google ɗin.

Injiniya:
Madalla. Ɗan Baba, ka ga lambobin nan da ta ce sun fito kusa da sunan? Su ne shaidar cewa DNS yana aikinsa. An ba shi suna, ya dawo da lamba. Da shi ne ya lalace, na biyun zai amsa, na ukun kuma ya ce bai gano wannan suna ba.

Ɗan Baba:
To amma Injiniya ko da ba shi ba ne, mene ne laifin canzawa? Ai ba ya ɓata komai, kuma na Google ya fi sauri. Ni wallahi sau da yawa na canza abu ya tashi nan take.

Injiniya:
Ban musa maka ba, na yarda ya sha yi maka aiki, domin lalacewar DNS tana cikin manyan dalilan wannan matsala. Bari in yi wa masu karatu bayani a taƙaice. DNS kamar jerin sunayen da ke cikin wayarka ne. Kai suna kake dannawa, waya kuma lamba take kira. Tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara shi, kafin nan fayil guda ake rarrabawa mai ɗauke da sunayen kwamfutoci da lambobinsu, kowa ya kwafa. Na Google da kake magana a 2009 aka buɗe shi, Cloudflare kuma ta kawo 1.1.1.1 a 2018. Duk suna da kyau, ni ma ina amfani da su.

Damuwata a nan ita ce tsari. Idan ka canza abu ba ka san dalili ba, in ya gyaru ba ka koyi komai ba, in bai gyaru ba ka ƙara wani sabon abu a kan tulin da za a bincika. Na taɓa karɓar kwamfutar da hannu huɗu suka taɓa kafin ta iso ni. Wannan ya canza DNS, wancan ya sa mata adireshi da hannu, wani ya kashe katangar tsaro. Asalin matsalar ƙarama ce, amma kwance abin da masu gyara suka ƙulla shi ya cinye min yini. Sannan batun sauri, ba ko'ina na Google ya fi ba, ya danganta da inda mutum yake da kamfaninsa. Kuma in kwamfutar aiki ce, canza DNS yana iya hana ta ganin na'urorin cikin ofis.

Abu Sadik:
To ga shi nan dai. Adireshi lafiya, ping lafiya, DNS lafiya, amma Hajiya har yanzu ba ta tura aikinta ba. Ni ba gardama nake ba, lokacinta nake tausayi. Windows in ta rikice ciki, ba ka ganin abin da ido.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni in tsoma baki, ni ma irin wannan ce take damuna da tsohuwar kwamfutata ta tebur, mai kebul. Tana nuna ta haɗu, amma kowane shafi na buɗe sai ta kawo gargaɗi da jan alama ta hana ni wucewa. Ina bin abin da kuke yi a hankali, ping ɗina ma duk sun amsa.

Ummi K:
Sannunku da ƙoƙari. Yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Anti Maman Ilham, akwai abin da ba a tambaye ki ba. A shafin nan da Chrome yake rubuta "No internet", ki duba can ƙasa, akwai wani ɗan rubutu da manyan haruffa amma ƙanana a ido, launin toka, yana farawa da ERR ko DNS. Ki kwafo mana shi harafi da harafi. Baba Malam Habu, kai ma don Allah ka duba naka. Chrome ba ya ƙin buɗe shafi ba tare da ya faɗi dalili ba, sai dai yana faɗa ne da ƙaramar murya.

Injiniya:
Ummi ta yi gaskiya, wannan ce tambayar da ta kamata a fara da ita. Allah ya yi miki albarka.

Maman Ilham:
Ikon Allah, kwana uku ina kallon shafin nan ban taɓa lura da shi ba. An rubuta ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. A samansa ma akwai layin da ya ambaci proxy ɗin.

Ummi K:
Alhamdu lillahi, an kama ɓarawon. Anti, firoksi ɗan aike ne. A ka'ida burauzarki ita take zuwa da kanta ta ɗauko shafi. Amma ana iya gaya mata cewa kada ta je, duk abin da take so ta ba wane ya karɓo mata. Makarantu da ofisoshi suna yin haka da gangan. To an sa wa kwamfutarki ɗan aike, ɗan aiken kuma ba ya nan. Burauza tana ta miƙa saƙo babu mai karɓa.

Shi ya sa ping ya amsa. Shi ba ya bi ta hannun ɗan aike, kansa tsaye yake fita. Shi ya sa kuma Edge ya ƙi kamar yadda Chrome ya ƙi, domin su biyun saitin firoksi na Windows suke bi, ba kowa da nasa ba. Wayoyinku kuwa ba ruwansu, saitin a cikin kwamfutar yake.

In kina son ki tabbatar kafin ki taɓa komai, ki koma baƙin allon nan ki rubuta curl -I https://example.com ki danna Enter. Harafin da ke bayan ɗan layin babban I ne. Shi curl yana ɗauko shafi kamar burauza, amma ba ya kula saitin firoksin da su Chrome suke bi. Idan ya dawo da layi mai 200 a ciki, to hanya a buɗe take har ƙarshe.

Maman Ilham:
Ya kawo 200 OK a layin farko, da wasu rubuce-rubuce a ƙasa.

Ummi K:
Shi ke nan. Yanzu ki shiga Settings, ki zaɓi Network & Internet, a jerin gefen hagu can ƙasa za ki ga Proxy. Ki gangara wurin da aka rubuta "Use a proxy server". Kafin ki kashe, ki faɗa mana abin da aka rubuta a akwatin adireshin, yana da muhimmanci.

Maman Ilham:
A kunne yake kuwa. Adireshin 127.0.0.1 ne, da wata lamba a ƙaramin akwatin gefe. Na kashe. Wayyo Allah, Google ya buɗe! Shafin makarantarmu ma ya buɗe! Ummi Allah ya biya ki, Allah ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira. Injiniya na gode, na gode ƙwarai.

Injiniya:
Barka Maman Ilham. Ki fara tura aikinki tukuna, sannan ki dawo, domin magana ba ta ƙare ba. Lambar nan 127.0.0.1 a kowace kwamfuta ma'anarta ɗaya ce: ni kaina. Wato ɗan aiken ba a waje yake ba, wata manhaja ce da ta zauna a cikin kwamfutarki ta ce duk abin da za ki buɗe ya bi ta hannunta. Firoksi ba ya kunna kansa. Wa ya sa wani sabon abu a kwamfutar a 'yan kwanakin nan?

Malam Habu:
Ina taya ki murna Hajiya. 'Yata Ummi, ni nawa daban ne. An rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Na duba wurin firoksin da kika kwatanta, a kashe yake.

Ummi K:
Baba duba agogon da ke ƙasan allo ta dama. Wace rana da wace shekara yake nunawa?

Malam Habu:
Subhanallahi. Shekarun baya can yake nunawa, watan Janairu. Ni lokaci a waya nake dubawa, ban taɓa kula shi ba. To amma me ya haɗa agogo da intanet?

Ummi K:
Alaƙa mai ƙarfi kuwa, Baba. Kusan duk shafukan yanzu da https suke farawa, kuma kowanne yana da takardar shaida da yake nuna wa burauza don ta tabbatar shi ne na gaskiya. Takardar tana da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Burauza da agogon kwamfutarka take auna waɗannan ranaku. In agogon ya koma baya, sai ta ga takardar da aka ba ta lokacin fara aikinta ma bai zo ba, sai ta ƙi yarda da ita. Ta yi daidai, agogon ne ya yaudare ta.

Ka danna agogon da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi wurin gyara rana da lokaci, ka gyara da hannu, sannan ka kunna wanda zai riƙa saita kansa. Amma zai sake komawa. A kan babban allon da ke cikin akwatin kwamfutar akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo idan an cire kwamfuta daga wuta. In ya mutu, duk sanda aka zare ta sai ta manta kwanan wata. Ka sa a canza shi, kuma a zare wayar wuta kafin a buɗe akwatin.

Maman Ilham:
Na tura aikin, alhamdu lillahi. Amma Injiniya maganarka ta tabbata. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, sai ga matsalar ta dawo. Na koma wurin firoksin, ya kunna kansa da lambobin nan dai. Na tambayi babban ɗana, da farko ya yi shiru, daga baya ya ce ya sauko da wata manhajar VPN ta kyauta, irin mai bi da intanet ɗin mutum ta wata hanya daban, daga wani shafi don wasan da yake yi, da ya ga ba ta yi masa ba sai ya cire ta. Ranar da ya cire ta ce ranar da abin ya fara. Ban yi masa faɗa sosai ba tunda ya faɗi gaskiya.

Abu Sadik:
To kun ji. Abin da nake gudu ke nan tun farko. An cire manhaja amma wani abu yana nan yana mayar da saitin, ma'ana ba ita kaɗai ta shigo ba, ta zo da 'yan rakiya. Hajiya tana shiga imel a kwamfutar nan, wataƙila har banki. Ni a wurina kwamfutar da baƙon abu ya zauna tsakaninta da intanet ba a sake yarda da ita sai an wanke ta tas. Kuna iya cire wanda kuka gani, wanda ba ku gani ba fa?

Ɗan Baba:
A nan kam ina bayan Oga Abu Sadik.

Injiniya:
Abu Sadik, yanzu maganarka tana da nauyin da ba ta da shi da safe, kuma ba zan raina ta ba. Bambancin shi ne da safe ba mu san komai ba. Da ta yi fomatin a lokacin, intanet zai dawo, ita ba ta san dalili ba, yaron bai san abin da ya jawo ba, bayan mako biyu ya sake sauko da manhajar. Kuma ba wanda zai ce mata ta canza kalmomin sirrinta. Dubi Malam Habu ma, da shi aka ba shawarar fomatin, zai rasa yininsa ya dawo ya tarar da jan gargaɗin nan yana jiransa, tunda batiri ne.

Maman Ilham, ga abin da nake ganin ya dace, kuma ki bi shi a jere. Ki ɗauki wayarki, ba kwamfutar ba, ki canza kalmar sirrin imel ɗinki da ta duk wani wuri mai muhimmanci da aka shiga a kwamfutar tun ranar da aka sa manhajar. Ki fara da imel domin ta nan ake sake saita sauran. In akwai tabbatarwa mai mataki biyu ki kunna. Ba ina cewa an sace miki komai ba ne, manhajoji irin wannan da yawa talla kawai suke cusawa. Amma abin da ya zauna a tsakiyar hanya yana iya ganin inda ake zuwa, wasu ma suna dasa takardar shaidarsu a cikin Windows don su iya leƙa abin da https ya rufe. Rigakafi a nan ba ya cin komai sai 'yan mintuna.

Bayan haka ki shiga Settings, ki buɗe Apps, ki jera manhajojin bisa ranar da aka sa su. Duk abin da ya shigo rana ɗaya da VPN ɗin kuma ba ku san shi ba, ki cire. Sai ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga shafin Startup, nan ne jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Abin da ke mayar da firoksin kusan tabbas yana nan, ko kuma a cikin Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu. Ki duba ƙarin da aka liƙa wa Chrome su ma. A ƙarshe ki buɗe Windows Security ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta kashe kanta ta yi bincike kafin Windows ta gama tashi, lokacin da mugun abu bai samu damar ɓuya ba. Kamar minti 15 yake ɗauka.

In bayan duk wannan firoksin ya sake dawowa, ko binciken ya gano abu mai satar bayanai, to ni da kaina zan ce ki bi shawarar Abu Sadik.

Abu Sadik:
Na yarda da wannan sharaɗin. Amma ko ya gyaru, Hajiya ki kwafe fayilolin makarantar nan a wani wuri yau ɗin nan. Aikin da ke wuri ɗaya tak kullum a bakin rami yake. Kuma ki buɗe wa yaran nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon sa manhaja sai da kalmar sirrinki.

Ummi K:
Wannan shawarar ta asusu ita ce ta fi komai a wurina, Yaya Abu Sadik. Ƙari ɗaya, Anti: a baƙin allon ki rubuta netsh winhttp show proxy. Windows tana da wani saitin firoksi na biyu da ayyukanta na ciki suke bi, ba ya fitowa a inda kika kashe. In ya ce "Direct access" to lafiya.

Ɗan Baba:
Injiniya tambaya don in ƙaru. Da a ce curl ɗin ma ya ƙi, firoksi a kashe, agogo daidai, ping yana amsawa, ina za ka dosa?

Injiniya:
Tambaya mai kyau. Zan fara zargin manhajar riga-kafi ko katangar tsaro, musamman irin waɗanda suke zuwa da kwamfuta na gwaji wa'adinsu ya ƙare, ko aka cire su rabi da rabi. Shafuka ta ƙofa ta 80 da ta 443 suke shigowa, ana iya toshe waɗannan a bar ping yana wucewa. In ba ita ba ce, sai in buɗe baƙin allon da ikon mai gudanarwa in rubuta netsh winsock reset in sake kunna kwamfutar, domin manhajojin VPN da na riga-kafi suna saƙala kansu a wannan sashe, in sun fita ba da tsabta ba sai su bar shi a karye. In wasu shafuka ne kawai suke ƙi, zan leƙa fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc, jikan wancan tsohon fayil ɗin da na ambata ɗazu, domin Windows tana duba shi kafin ta tambayi DNS. Network reset shi nake bari a ƙarshe, saboda yana goge saitin haɗi gaba ɗaya, sai ka sake shigar da kalmar sirrin Wi-Fi. Ka tabbata kana da ita a hannu kafin ka danna.

Gwaji ɗaya mai sauƙi da ya kamata kowa ya riƙe: ka kunna hotspot na wayarka ka haɗa kwamfutar da shi. In ta yi aiki a can, koma kan rauta. In ta ƙi a can ma, bar rauta ta huta.

Maman Ilham:
Ga rahoto. Na canza kalmomin sirri ta waya. A cikin Apps na tarar da abubuwa biyu masu ranar da yaron ya faɗa, ba wanda ya san su a gidan, na cire su. A Startup ma akwai wani mai suna wanda ba shi da ma'ana, haruffa ne kawai a jere, wurin sunan kamfani kuma babu komai, na kashe shi. Binciken Defender ya gama, ya ce ya samu abu ɗaya na talla ya kawar. Na kashe firoksin, na sake kunna kwamfutar har sau uku ina dubawa, bai dawo ba. Na Ummi ma ya ce Direct access. Fayilolin suna kan filasha yanzu, Malam Abu Sadik. Asusun yaran ne ban gane yadda ake yi ba.

Abu Sadik:
Masha Allah. Ki shiga Settings, Accounts, sai Family & other users, ki ƙara sabon mutum. Ki tabbata nau'in asusun Standard ne, ba Administrator ba. Naki kuma ki sa masa kalmar sirrin da ba su sani ba. Ki riƙa leƙa wurin firoksin nan har mako guda, in ya motsa ki sanar da mu.

Injiniya:
Abu ɗaya kuma tunda Windows 10 ce: Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ki shiga Windows Update ki ga ko kwamfutar za ta iya ɗaukar Windows 11. Ba na gaggawar yau ba ne, amma kada ki bar shi ya kwana da yawa.

Malam Habu:
Ni ma ga nawa rahoton. Na gyara agogon, shafuka sun buɗe nan take. Da na zare ta daga wuta na mayar don in gwada maganar Ummi, sai ya koma Janairun nan dai. Jikana ya buɗe akwatin, mun ga batirin, an rubuta CR2032 a bayansa kamar yadda kika ce. 'Yata, gefen da ke da rubutun ne yake kallon sama in za a sa sabon?

Ummi K:
Eh Baba, a yawancinsu gefen da ke da rubutu da alamar + shi ke kallon sama. Ya ɗauki hoton tsohon kafin ya cire don ya mayar da sabon yadda ya gan shi. Akwai ɗan ƙarfe a gefe, in ya tura shi kaɗan batirin zai ɗago da kansa, kada ya sa ƙarfi. Bayan an sa sai ka sake saita agogon sau ɗaya.